Farautar talotalon daji a Amurka: tsawon bututun bindiga da harsashin da ake ɗurawa

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, idan sanyi ya ja da baya a Amurka, jihohi kan buɗe lokacin farautar talotalon daji ɗaya bayan ɗaya, a fara daga kudu kamar Fulorida a haura arewa. Da lokacin ya ƙarato, sai tsohuwar gardamar maharba ta taso a shagunan sayar da kayan farauta: wane tsawon bututu ya fi, inci 20 ko 24 ko 28? Wane harsashi za a ɗura, mai inci 3 ko mai inci 3 da rabi? Ƙwayoyin dalma ko na tangistin, wani ƙarfe da ya fi dalma nauyi? Sabon shiga yakan ɗauka duk amsar tana cikin tsawon bindiga, cewa doguwa ta fi kai wa nesa. A ganina nan ne aka fi yin asarar kuɗi da tunani, domin tsawon bututu shi ne mafi ƙarancin tasiri a cikin abubuwan da ke kashe wannan tsuntsu. Amma kafin a gane dalili, sai an san tsuntsun da yadda ake farautarsa.

Talotalon da muke gani a kasuwa, mai nauyin jiki da tafiyar ƙasaita, jikan wanda mutanen Meziko suka mayar na gida ne tun kafin zuwan Turawa. Ɗan'uwansa na daji wani abu ne daban. Yana da gudu, yana tashi sama, a kan bishiya yake kwana, kuma idonsa ba ya barin ko motsin yatsa. Babban namiji kan kai kilo 8 zuwa 11. Iri biyar ake da su a Amurka, mafi yawa shi ne na gabas, sai na Fulorida da ake kira Osceola, da Rio Grande na Tekzas da maƙwabtanta, da Merriam na duwatsun yamma, da Gould na kan iyakar Meziko. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris su ƙare, saboda sare daji da harbi ba ƙaidi. Abin da ya ceto su shi ne dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai ya tafi ga kula da namun daji, sai kuma dabarar kama su da raga a kai su dajin da suka ƙare, wadda ta fara cin nasara a Karolina ta Kudu a 1951. Ƙungiyar kare talotalon daji ta National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973 ta ɗora a kai. Yau ana farautarsu a jihohi 49, ban da Alaska kaɗai.

A lokacin nan na farkon shekara namiji ake harbi, mai gemu, a bar mata su yi ƙwai. Kuma ba bin sa ake yi ba. Maharbi yakan shiga daji tun duhu bai yaye ba, ya saurari inda namiji ya yi kuka daga kan reshe, ya lallaɓa ya zauna ya jingina da gindin bishiya mai faɗi, ya ɗora bindiga a kan gwiwa, ya riƙa kwaikwayon kukan mace da ɗan akwatin katako ko wani faifan roba da ake sa wa a dasashi. Tsuntsun ne zai zo da ƙafarsa, idan ya ga dama. Maharbanmu da ke ɗaura kan burtu su yi rarrafe har su kusanci nama sun san wannan ilimin sarai: gwanintar ba a harbin take ba, tana wajen rage tazara. Bambancin kawai, a can kai ne a zaune, naman ne ke matsowa.

Idan ya matso, ba a jikinsa ake saiti ba. Gashin fukafukinsa mai kauri ne, ƙirjinsa tsoka ce zalla, ƙananan ƙwayoyin harsashi sukan nutse a nan ba su kai ga wani abu mai kisa ba, tsuntsun ya tsere da rauni ya je ya mutu a inda ba mai amfana. Kai da wuya ake nema, ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya, wurin da faɗinsa bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba. Don haka duk da bindigar da ake amfani da ita mai watsa ƙwayoyi ce, wadda suke kira shotgan, irin wadda ake harbin agwagwa da ita a sama, a nan ana riƙe ta ne kamar ta harsashi guda: a tsaya, a saita, a danna kunama a hankali. Harbi ɗaya ne galibi. Duk wani zaɓi na bututu da harsashi daga wannan hoton yake fitowa, wato mutum a zaune a cikin sarƙaƙiya, da ɗan ƙaramin wuri da yake so ƙwayoyi da yawa su taru a kai.

Abin da tsawo ke yi da wanda ba ya yi

Imanin cewa doguwar bindiga ta fi ƙarfi yana da tushe. A zamanin baƙin albarushi, irin wanda har yau ake ɗura wa bindigar toka, garin yana ci ne a hankali, yana buƙatar dogon bututu kafin ya gama tura abin da ke gabansa. Wanda ya gaji wannan tunanin daga kakanni bai yi ƙarya ba, zamani ne ya sauya. Albarushin harsasan yanzu yana gama yawancin aikinsa ne a kashin farko na bututu. Kafin ƙwayoyi su yi tafiyar inci 18 zuwa 20 sun riga sun sami kusan duk gudun da za su samu. Harsasan talotalo kan fita da gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,300 a daƙiƙa ɗaya, kuma abin da za a rasa idan aka sauko daga inci 28 zuwa 22 bai wuce 'yan gomomin ƙafa ba. Ko wannan ɗan bambancin ma iska ce ke cinye shi a hanya, domin ƙwaya mai siffar dunƙule, iya saurin da ta fita da shi iya saurin da take rage gudu. Zuwa yadi 40, ƙwayar da ta fito daga dogon bututu da wadda ta fito daga gajere sun kusa zama ɗaya.

To me tsawo ke yi? Yana sauya yadda bindiga ke zama a hannu. Mai harbin tsuntsu a sama yana son inci 26 ko 28, masu gasar harbin farantin da ake cillawa sama har 30 da 32, saboda nauyin gaba yana sa hannu ya bi abin da ke tashi ba tare da tsayawa ba. Mai talotalo ba ya bin komai. Damuwarsa ita ce idan tsuntsu ya ɓullo ta hagu alhali yana jiran sa ta dama, zai iya juya bakin bindiga ba tare da ya daki reshe ba? Zai iya riƙe ta a kan gwiwa minti goma, tsuntsu na leƙe, hannu bai fara rawa ba? Zai iya ratsa ƙaya da ita a kafaɗa ba ta sarƙe ba? A duk waɗannan gajere ya fi. Shi ya sa bindigogin da kamfanoni irin su Mossberg da Remington da Benelli ke ƙerawa musamman don talotalo suka fi zuwa da inci 20 zuwa 24. Dokar tarayya ta 1934 ta sa iyaka a ƙasa: bututun da bai kai inci 18 ba ya shiga wani rukuni mai buƙatar rajista ta musamman, don haka ba a saukowa ƙasa da nan.

Gajere ma yana da kuɗinsa. Ƙararsa ta fi kusa da kunne, kuma harsashin talotalo ba ƙaramar ƙara gare shi ba. Bindigar ta fi sauƙi, kuma duk bindigar da ta yi sauƙi ta fi shuri a kafaɗa. Sannan ga wanda ke saiti da ɗan ɗigon ƙarfen nan na bakin bututu kawai, dogon bututu ya fi yafiya, domin tazarar ido da ɗigon ta fi yawa, ƙaramin kuskure ba ya girma sosai. Wanda ya ɗaura madubin saiti mai jan ɗigo wannan bai shafe shi ba. Akwai kuma wani abu da ake mantawa: tsawon bututu ba shi ne tsawon bindiga ba. Bindigar da ake karyawa a ɗura, mai harbi ɗaya ko mai baki biyu, ba ta da dogon gidan inji a tsakiya, don haka mai inci 26 a cikinsu tana iya zuwa daidai da mai ja-da-baya, wadda ake jan hannunta a ɗura, ko mai ɗura kanta da ke da inci 22.

Da za a tambaye ni, inci 22 zuwa 24 shi ne wurin da komai ya daidaita. Amma wanda ke da Remington 870 ko Mossberg 500 mai inci 28 da yake harbin agwagwa da ita, kada ya bari a ruɗe shi ya sayi wata. An kashe talotalo da irinta ba adadi. Kuɗin sabuwar bindiga ya kai su inda za su yi aiki.

Matsin baki

Inda za su yi aiki na farko shi ne inci biyu zuwa uku na ƙarshen bututu, wurin da aka ɗan tsuke, wanda suke kira cok. Aikinsa irin na mai ban-ruwa ne da ya matse bakin tiyo da yatsa, ruwan ya daina fantsama ya tafi a dunƙule. Maƙeran Ingila da Amurka ne suka gano wannan a ƙarni na 19, kuma W. W. Greener na Bamingham ya yi suna da shi a shekarun 1870. A da matsin a jikin bututu yake, abin da ka saya shi ke nan. Daga baya aka koma wanda ake murɗawa a ciki a cire, mutum ya sauya shi da ɗan mabuɗi cikin minti ɗaya.

Ga lissafin. Ana ba bindigogin nan lamba gwargwadon faɗin bututunsu. Cikin bututun bindiga mai lamba 12, wadda aka fi amfani da ita, faɗinsa wajen inci 0.729 ne. Cikakken matsi na gargajiya kan tsuke shi zuwa wajen 0.695, kuma ma'auninsa shi ne ya zuba kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyi a cikin da'ira mai faɗin inci 30 a tazarar yadi 40. Ga agwagwa wannan ya isa har ya yi yawa. Ga kan talotalo da'irar inci 30 fili ne. Don haka ake yin matsi na musamman da ke saukowa zuwa 0.670 ko 0.660, wasu ma ƙasa da haka, kuma maharban talotalo suka koma auna da'irar inci 10. Abin da yawancinsu suka yarda da shi a matsayin mafi ƙaranci shi ne ƙwaya 100 a cikin wannan da'ira, a warwatse daidai ba tare da gibin da kan tsuntsu zai shige ba. Duk tazarar da bindigarka ta daina ba da haka, nan ne iyakarka, ko me aka rubuta a jikin kwalin harsashi.

Sai dai ba kullum mafi matsi ke ba da mafi kyau ba. Idan aka tsuke fiye da kima, musamman da manyan ƙwayoyin dalma, sukan matse juna su lotse, kuma ƙwayar da ta lotse ba ta tafiya miƙe, sai ta kauce gefe. Wani harsashin kuma, kamar na kamfanin Federal mai kofin robar da suke kira Flitecontrol, an tsara shi ne kofin ya riƙe ƙwayoyi na ɗan lokaci bayan fita, don haka ba lallai ya buƙaci matsi mai tsanani ba. Sannan ga matsalar da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: bindigar da aka shirya don yadi 50, a yadi 12 tarin ƙwayoyinta bai fi dunƙulen hannu ba. Talotalo kuwa ba ya tsayar da kai. Kuskure da yawa a wannan farauta ba na nesa ba ne, na kusa ne, tsuntsu ya zo har ana jin takunsa a ganye, mutum ya harba ya wuce ta gefen wuya. Wanda ke farauta a cikin kurmin gabas, inda da wuya ka hango yadi 30, ya fi cin riba da ɗan sassauci. Na filayen Kansas ko Nebraska shi ke da hujjar tsukewa.

Harsashi

A nan ne aka fi samun sauyi a shekarun baya-bayan nan, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Lambar ƙwaya tana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba, babbar ƙwaya. Lamba 4 faɗinta inci 0.13, lamba 5 tana da 0.12, lamba 6 kuma 0.11, har zuwa lamba 9 mai 0.08. A oza ɗaya ta dalma, wato wajen giram 28, ana samun ƙwaya kusan 135 na lamba 4, da 170 na lamba 5, da 225 na lamba 6. Tsohuwar gardamar ke nan. Mai lamba 4 ya ce tasa ta fi huda ƙashi a nesa, mai lamba 6 ya ce tasa ta fi cika da'ira. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma kowannensu ya sayi abu ɗaya ne da kuɗin ɗayan. Lamba 4 takan rasa yawa kafin ta rasa ƙarfi, lamba 6 takan rasa ƙarfi kafin ta rasa yawa. Shi ya sa lamba 5 ta zama ta kowa, kuma shi ya sa yadi 40 ya zama iyakar da iyaye suka koya wa 'ya'yansu. Ba wani ya zauna ya zaɓi lambar ba, nan ne dalma ke ƙarewa. Jihohi da yawa, irin su Mizuri, sun hana amfani da ƙwayar da ta fi lamba 4 girma, saboda tsaron sauran maharba da ke zaune a ɓoye cikin daji ɗaya.

Hanya ta farko da aka bi don tsallake wannan iyaka ita ce ƙara kaya. A 1988 Mossberg da Federal suka fito da harsashi mai inci 3 da rabi tare da bindigar 835. Mai inci 3 kan ɗauki oza 1 da kashi uku cikin huɗu zuwa oza 2, mai 3 da rabi kuma har oza 2 da kwata. Ƙarin ƙwayoyi ne, gaskiya. Amma shurin wannan harsashi a bindiga mara nauyi ya kai na manyan bindigogin da ake farautar giwa da ɓauna da su, kuma a zaune ake karɓar sa, baya a jingine da itace, jiki ba shi da wurin ja da baya. Illar ba ciwon kafaɗa ba ce kawai. Wanda bindiga ta taɓa duka da kyau, jikinsa kan koyi tsoronta. Ya runtse ido, ya fizgi kunama, ya ɗaga kunci daga kan ƙota kafin harsashi ya fita, ƙwayoyi su wuce ta saman kai. Ga yawancin mutane ƙarin kwatar oza bai biya wannan ba. Ni ina ganin mai inci 3 ya wadatar, kuma na fi yarda da maharbin da ke harba ƙaramin harsashi ido buɗe.

A kula da abu biyu a nan, don na rai ne. Tsawon harsashin da bindiga ke ɗauka a rubuce yake a jikin bututu. Gajere yana shiga gidan dogo lafiya, amma dogo a gidan gajere, ko da ya shiga, ba shi da wurin buɗewa idan ya tashi, matsin ciki ya haura abin da aka ƙera ƙarfen ya ɗauka. Na biyu, harsashin bindiga mai lamba 20, wadda bututunta ya fi siriri, yana iya zamewa cikin bututun mai lamba 12 ya maƙale a gaba, a ɗura wani a bayansa, bututu ya fashe. Don haka ne ake yi wa na lamba 20 launin rawaya, kuma ba a haɗa su a aljihu ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce gyara dalmar kanta. Ana lulluɓe ƙwayoyi da jan ƙarfe don su yi tauri, ana zuba wani gari a tsakaninsu don kada su lotse juna. Winchester ta je gaba da harsashinta Long Beard XR, inda aka daskarar da ƙwayoyin a cikin wani ƙaro da ke farfashewa lokacin harbi ya zama matashi gare su. Sakamakon shi ne tari mai kyau ƙwarai a farashin da talaka zai iya. Ga wanda ke da bindiga mai lamba 12 kuma ba ya son kashe kuɗi da yawa, har yanzu da wuya a kayar da wannan a lamba 5 ko 6.

Hanya ta uku ita ce ta juya komai: sauya ƙarfen. Nauyin dalma wajen giram 11 ne a kowane guntu mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Baƙin ƙarfe, wanda aka koma wa bayan hana dalma a farautar agwagwa a 1991, bai kai 8 ba. Haɗin tangistin da ake kira TSS yana da 18. Maharba masu ɗura harsashinsu a gida ne suka daɗe suna amfani da shi, kafin Federal ta shigo da shi kasuwa sosai a 2018. Ma'anar wannan nauyi ita ce ƙaramar ƙwaya tana yin aikin babba. Lamba 9 ta TSS ba ta kai lamba 5 ta dalma nauyi ba, amma da yake siririya ce mai tauri, iska ba ta riƙe ta sosai, tsoka ma haka, sai zurfin hudarta ya zo kusa da na lamba 5. Kuma a oza ɗaya akwai ta kusan 360, ninki biyu da ɗoriya. An samu yawa an samu ƙarfi a lokaci guda, abin da dalma ta kasa.

Duba abin da wannan ya haifar. Bindiga mai lamba 20 da oza ɗaya da rabi na TSS lamba 9 tana ɗauke da ƙwaya kusan 540, alhali mai lamba 12 da oza 2 na dalma lamba 5 tana da 340. 'Yar ƙaramar bindigar nan ta .410, wadda a da ake ba yara su harbi kurege, harsashinta na TSS yana da ƙwaya kusan 295, daidai da abin da babban harsashin dalma mai inci 3 ke ɗauka idan oza 1 da kashi uku cikin huɗu na lamba 5 ne a ciki. Kamfanoni suka fara ƙera irin su Stevens 301 don talotalo kawai, jihohi da dama kuma suka gyara dokokinsu don ba da damar ƙananan bindigogi da ƙananan ƙwayoyi. Yaro ɗan shekara goma sha, da mace mai ƙaramin jiki, da dattijon da kafaɗarsa ta gaji, duk sun samu bindigar da za su iya ɗauka su harba daidai. A wurina wannan ce babbar ribar tangistin.

Tsadarsa kuwa ba a magana. Harsashi ɗaya kan haura dala 10, kuma da yake wajen kashi 80 cikin ɗari na tangistin duniya daga Sin yake fitowa, tun da ƙasar ta sa takunkumi kan fitar da shi a farkon 2025 farashin ya ƙara hawa. Masu kare shi sukan ce ai harsashi biyu ko uku ake harbawa a shekara. Haka ne a daji. Amma gwaji a takarda ma da shi za a yi, kuma a nan tsadar ke cutarwa, domin tana sa mutum ya tsallake gwajin. Tauri ma abin lura ne: tangistin ya fi ƙarfen bututu tauri, don haka sai an tabbata cok ɗin an ƙera shi don ɗaukarsa, kuma tsohuwar bindigar gado mai siririn bututu a bar ta da dalma. A Kalifoniya zaɓin bai taso ba, tun 1 ga Yuli 2019 an hana dalma a kowace irin farauta.

Abin da ke damuna da TSS shi ne yadda ake tallata shi da nisa. Ana jin yadi 60, yadi 70. A takarda yana yiwuwa. A daji kuwa, a irin wannan tazara ƙwayoyi sun fara sunkuyawa ƙasa, iska tana kaɗa su gefe, ɗan reshen da ido bai gani ba yana tsakani, kuma ɗan'adam ba gwanin ƙiyasin nisa ba ne, musamman zuciya na bugawa. Wanda ya ce 55 ne, sau da yawa 70 ne. Tsuntsun da aka raunata ba ya shiga lissafin kowa, ga shi kuma yawan talotalo yana raguwa a jihohin kudu maso gabas, har wasu irin su Jojiya da Alabama da Tenesi sun rage adadin da aka yarda mutum ya kashe, sun kuma jinkirta buɗe lokaci. Amfanin da ya dace a yi da wannan ƙarfe shi ne ya zama rara: ka tsaya a yadi 40, idan ka yi kuskuren ƙiyasi da yadi biyar ko bakwai, harsashi ya rufa maka asiri.

Takarda

Babu bindigogi biyu da ke watsa harsashi iri ɗaya, ko da daga masana'anta ɗaya suka fito a rana ɗaya. Don haka duk abin da aka faɗa a sama hasashe ne sai an kai shi gaban takarda. A samu babba, mai faɗin yadi ɗaya aƙalla, don a ga duk inda ƙwayoyi suka faɗa. A fara a yadi 15 zuwa 20 da harsashi mai arha mara shuri, a zaune, bindiga a kan madogara. Tambayar farko ba yawan ƙwaya ba ce, ita ce ina tsakiyar tarin ya sauka. Bindigogi da yawa suna kai wa sama ko gefe da inci huɗu ko shida, kuma da matsin talotalo wannan ya isa a rasa tsuntsu gaba ɗaya. Idan haka ne, madubin saiti ko saiti mai gyaruwa ya fi kowane sabon bututu amfani.

Bayan an daidaita, sai a koma yadi 40 da ainihin harsashin farauta. A harba, a nemo wurin da ramuka suka fi taruwa, a zana da'irar inci 10 a kai, a ƙirga da biro ana yi wa kowane rami alama. Harbi ɗaya ba ya ba da labari, a yi uku a kan sabuwar takarda kowane. A duba gibi, a aza hoton kan talotalo a wurare daban-daban cikin da'irar a ga ko akwai inda zai tsira. Sannan a dawo yadi 10 a harba ɗaya, don ido ya ga ƙanƙantar tarin da kansa. Idan an sauya cok ko kamfanin harsashi ko lambar ƙwaya, an koma farko. Dattin roba da ke taruwa a cikin bututu yana sauya sakamako, sanyin asuba ma yana ɗan buɗe tarin fiye da yadda aka gani da rana, don haka wanda ya samu 100 cif a ranar zafi ya rage wa kansa 'yan yadi. A riƙa taɓa cok ɗin ana tabbatar bai kwance ba.

A ranar farauta, da an zaɓi bishiyar zama, kafin gari ya waye a auna tazarar da takarda ta bayar, da na'urar auna nisa ko da taku, a shaida wani kututture ko dutse a hagu da dama da gaba. Kada a sa tufa mai ja ko fari ko shuɗi, launukan kan namijin talotalo ke nan, kuma akwai wasu maharba a dajin. Ba a harbin motsi ko kuka, sai an ga gemu da ido an kuma ga abin da ke bayan tsuntsun. Idan ya shigo yana baza wutsiya kansa a noƙe, a ɗan yi masa ƙara da baki ya miƙe wuya, sannan a saita a tsakiyar wuyan, daidai inda fata ta haɗu da gashi.